Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa: bayan an yi gwajin ƙwaya, sai me?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa cikin birnin Kano. Na daɗe a wannan aiki, har yaran da na ɗiga wa rigakafin shan inna suna goye a bayan iyayensu sun fara dawo mini da jajayen idanu da harshe mai nauyi. Shi ya sa tun da ka karɓi ragamar hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, a watan Janairun 2021 nake bibiyar kiran da kake yi, cewa a riƙa yi wa ɗalibai da masu neman aure da masu neman muƙami gwajin ƙwaya. Ina tare da kai a kan wannan kira. Sai dai akwai abin da mu na ƙasa muke gani da idanunmu, wanda nake so ya kai kunnenka.

Ba sai na faɗa maka girman bala'in ba, domin kai ka jagoranci kwamitin da ya bai wa shugaban ƙasa shawara a kansa tun kafin wannan kujera. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna shaye-shaye a Najeriya. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 tiramol da danginsa, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin, wasu kuwa suna haɗa fiye da ɗaya. Kano kaɗai an ƙiyasta mata sama da mutum miliyan ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Mu a asibiti mun san su. Matan aure ne da 'yan mata, cikin hijabi, da kwalbar lemo wadda ba lemo ne kaɗai a ciki ba.

Da gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, mun yi murna. Kwalba ta yi tsada, amma ƙishirwar ba ta tafi ba. A unguwarmu sai yara suka karkata ga tiramol mai ƙarfin miligiram 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Wasu suka koma roci da Exol da dayazafam, wasu allurar fenta. Marasa kuɗi kuma ga sholisho a tsumma, ga madarar sukudai, ga zaƙami.

A nan ne maganar gwajin ta shigo. Tsinken da ake tsomawa a fitsari yana da iyakarsa, kuma mutane da yawa, har da masu ba da umarnin a yi gwajin, ba su san iyakar ba. Kodin da tiramol kwana biyu zuwa huɗu ne suke barin jiki. Wanda ya san ranar gwaji zai iya daurewa na mako guda ya zo ya fita fes. Wiwi kuwa, ga wanda ya daɗe yana busawa, tana iya kai wata guda tana nunawa, har bayan mutum ya tuba ya bari. Tsinken da aka yi don gano kodin da hiroyin ba ya kama tiramol, sai an tanadi nasa na musamman. Sholisho kuwa ba ya fitowa a irin wannan gwaji ko kaɗan. Akwai wani yaro mai faci a bakin titinmu da ba ya rabuwa da tsumma a hanci, har tafiyarsa ta canza. Da za a gwada fitsarinsa yau, takarda za ta wanke shi tas.

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani matashi mai ciwon sikila da nake dubawa tun yana ƙarami ya samu aiki a wani wuri, aka ce sai an yi gwaji. Kwana uku kafin nan ciwon ƙashi ya tasar masa, likita ya rubuta masa tiramol. Gwaji ya nuna. Ba wanda ya tambaye shi ko yana shan magani, ba wanda ya nemi katin asibitinsa. A gaban sauran masu neman aikin aka ce ya tashi ya fita. Ya zo ya zauna a bencin asibitinmu da takardar likita a hannu, tana ninke gida huɗu, ya ce da ni, "Baba, yanzu wa zan nuna wa?" Kafin magariba labari ya riga shi isa gida cewa ɗan ƙwaya ne. Ranka ya daɗe, ƙasar nan ce ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, kuma maganin ciwonsu dangin abin da tsinken ke nema ne. Har wasu magungunan tarin fuka da na ƙanjamau suna iya ruɗar da tsinken ya nuna abin da babu. Shi ya sa a ƙa'idar aiki, sakamakon tsinke zato ne, sai an tabbatar da shi a babban ɗakin gwaji. Ina roƙon hukumarka ta fitar da doka a rubuce: kada a kori kowa daga makaranta ko aiki, kada a ɗaga auren kowa, sai an tambaye shi magungunan da yake sha, an kuma sake gwaji na tabbatarwa.

Gwajin fitsari yana faɗa maka abin da mutum ya sha a makon nan ne kawai. Ba ya gaya maka ko ɗanɗanawa ya yi sau ɗaya a wurin biki, ko kuwa ba ya iya tashi da safe sai da shi. Wannan sai da baki ake ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wasu tambayoyi takwas da ake kira ASSIST, waɗanda ma'aikacin lafiya zai yi wa mutum cikin minti goma, ya san me yake sha, sau nawa, da kuma ko nasiha ta ishe shi ko sai an tura shi asibiti. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya buƙatar tsinke. Da hukumarka za ta haɗa hannu da ma'aikatun lafiya na jihohi a horar da mu a kai, da Hausar da mai lalura zai fahimta, da an tare dubban yara tun abin yana ɗanye. Icce ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu a Kano mun ga gwaji. An yi wa ma'aurata 1,800 na auren gata a 2023, an yi wa masu neman takarar ƙananan hukumomi a 2024, kuma wasu sun faɗi. Daidai ne a ce mai neman riƙe amanar jama'a ya fara wanke kansa. Tambayata ita ce: talakan da ya faɗi gwaji, ina ake kai shi? Asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano da cibiyar hukumarka suna iya ƙoƙarinsu, haka na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Amma gadajensu nawa ne idan aka auna da miliyan? Kuɗin kwanciya kuma ya fi ƙarfin mai tura baro. Wancan binciken na 2018 ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ya fi yi wa katutu sun so magani ba su samu ba. Rashin wurin zuwa ne ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari, irin wanda aka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019 aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Wasu iyayen kuma su kulle yaro a ɗaki su ce ya bari da ƙarfi, ba su san wanda ya saba da roci ko dayazafam idan aka yanke masa lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga har ya rasa ransa ba.

Sai maganar sirri, musamman ga mata. Saurayi idan ya faɗi gwaji, bayan shekara an manta. Budurwa kuwa tabon zai bi ta har gidan miji, idan ma ta samu mijin. Idan sakamako zai riƙa yawo daga hannun waliyyi zuwa na dangin ango, to mata za su ƙara ɓuya ne, mu kuma mu rasa su gaba ɗaya. A bar sakamako tsakanin mai shi da ma'aikacin lafiya, a kuma ware wa mata wurin jinya nasu da mata ke kula da shi.

Akwai wata uwa da take zuwa wurina kusan kowace Laraba. Ta tsinci fankon tiramol a aljihun ɗanta, ta san gwaji zai nuna, ba ta buƙatar a tabbatar mata. Na ce ta kai shi ofishinku a ba shi shawara, ta girgiza kai ta ce tana tsoron a riƙe shi. Na yi mata bayanin cewa kuna da masu ba da shawara da sashen jinya, amma maganata ba ta kai taka nauyi ba. Ina roƙonka ka fito a rediyo, da Hausa, ka faɗa da bakinka cewa duk wanda ya kawo kansa ko ya kawo ɗansa neman magani, jinya za a yi masa ba kamu ba. Laraba mai zuwa za ta dawo, kuma ina so in sami abin da zan faɗa mata.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya shirya mana zuri'a.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya a matakin farko, Kano.