Olsa fa ba yunwa ce ke kawo ta ba

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya da kai da abokan aikinka. Don Allah ka ara min ɗan fili in yi magana kan olsa, don yanzu da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai ita ba, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ce ai yunwa ce ta jawo masa ko yaji ko yawan tunani, shi kenan sai a dinga kwankwaɗar madara da farin maganin nan na kemis shekara da shekaru ciwo na tafiya yana dawowa.

Masu binciken ƙwayoyin cuta sun daɗe da gano cewa akasarin gyambon ciki wata bakteriya ce ke haddasa shi, sunanta Helicobacter pylori. Ni abin da ke ɗaure min kai wurin da ta zaɓa ta zauna. Ruwan asid ɗin da ke cikin tumbin mutum nama ma narkar da shi yake, shi ya sa a da likitoci suka ɗauka babu abin da zai rayu a wurin. Ita kuwa sai ta fitar da wani sinadari da ke samar da ammoniya ya kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, sannan ta kaɗa 'yan wutsiyoyinta ta kutsa cikin yauƙin da ya shafe bangon ciki ta lafe abinta. Haka za ta zauna tun mutum yana yaro har ya tsufa, da yawa ma ba sa jin komai.

Likitoci biyu ne a garin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino ta a ɗakin gwaji a 1982, shi ma sai da aka bar farantan gwajin suka yi kwanaki fiye da yadda aka saba saboda hutun Ista, ashe a hankali take tsirowa. Da suka ce ita ce ke kawo olsa, aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ke cike da ƙwayar ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, da aka leƙa cikinsa aka ga ya kumbura. Sai 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kuma tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta sa ta cikin masu jawo kansar ciki.

To ga gwaji nan ana yi da bayan gida ko numfashi, in an same ta likita ya haɗa wa mutum antibayotik da maganin rage asid irin su omeprazole na kamar sati biyu, sau da yawa a rabu da ita. Amma fa ba a kemis za ka haɗa wa kanka ba, shan rabi a ajiye shi ke sa ta daina jin magani. Sannan masu aikin ƙarfi da ke haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum da yamma don ciwon jiki, su ma waɗannan suna huda ciki.

Roƙona jaridarku ta nemo likitan ciki ya yi wa mutane bayani dalla-dalla a shafin lafiya, musamman kafin azumi, ya kuma faɗa mana nawa ake gwajin a asibitocin gwamnati.

Naka mai karatu daga Zariya