Zakka Ya Mayar Ninki Huɗu, Ni Wa Zan Mayar Wa?

Zuwa ga Baba Rabaran,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara, da abokan aikinka na gidan rediyo. Ya hidima? Allah ya ƙara ƙarfi.

Baba, ina roƙon ka kada ka ambaci sunana ko unguwarmu in za ka karanta wasiƙar nan a shiri. Mu Hausawa masu bi a cikin garin Katsina ba mu kai yawan da mutum zai ɓuya a cikinmu ba. Na ma sauya wasu ƙananan abubuwa saboda haka, amma gundarin maganar gaskiya ce.

Shekaruna 46. Cikin gidan masu bi aka haife ni. Kakanmu Bamaguje ne daga wajen Malumfashi, shi ne ya fara karɓar bishara a zamanin Turawan mishan na SIM. Tubarsa kowa ya gan ta da ido: ya tattara layu da kayan tsafinsa ya ƙone, ya bar burkutu, danginsa suka daina cin abinci tare da shi. Ni kuwa na tashi na iske komai a shimfiɗe. Na yi makarantar Lahadi, na haddace ayoyi, an yi mani baftisma a 1996, na yi shekaru cikin ƙungiyar mawaƙa. Ban taɓa tambayar kaina ko na tuba ba, don a ganina tuba ta masu shigowa daga waje ce.

A 2004 na zo Katsina na kama aiki wurin wani Alhaji mai sayar da hatsi. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ban cika shekara biyu ba ya sakar mani makullin sito, yana aike na da kuɗi kasuwannin Dandume da Bakori sayen masara, Jibiya da Mai'adua sayen gero da wake. Yakan faɗa a gaban mutane cewa yaron nan nasa Kirista ne amma ko allura ba ya ɗauka. In ya faɗi haka sai in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce.

Ga abin da nake yi a lokacin. In na sayo kaya, sai in ɗora wani abu a kan farashin kowane buhu kafin in kawo mashi lissafi. In kaya sun sauka a sito, da dare in farke bakin buhu in ɗebi tiya ɗaya in mayar da ɗinki da basilla. Buhu tiya arba'in ne, wato a buhu arba'in na samu buhu guda, babu wanda zai lura. Na uku shi ne ya fi ci mani rai yanzu: tiya biyu gare ni. Akwai wadda nake awo da ita in ina saye a ƙauye, akwai wadda na bubbuge gindinta ya ɗan shige ciki, da ita nake auna wa masu sayen tiya ɗaya ko biyu. Kusan shekara goma ina haka. Ran Lahadi kuma in sa farar riga in tsaya gaba ina jan waƙa.

A 2015 Alhaji ya sallame ni da kansa, ya ƙara mani jari, ya sa mani albarka. Bai san rabin jarin da na riga na tara daga sitonsa ya fito ba. Ya rasu a 2021. Na je ta'aziyya na zauna kan tabarma kwana uku, babban ɗansa ya kama hannuna ya ce mahaifinsu ya sha ambatona cikin mutanen amana. Ko a ranar ban ji komai ba sai ɗan nauyi a ƙirji, kafin in kai gida ya wuce.

Bara aka yi taron farkaswa a cocinmu. Baƙon mai wa'azi ya karanta Luka 19, labarin Zakka. Baba, wane yaro ne bai san labarin nan ba? Gajeren mutum, ya ruga ya hau itacen ɓaure a Yariko don ya ga Yesu. Mu a makarantar Lahadi gajartarsa ce ke ba mu dariya. Amma mai wa'azin ya bar maganar itace ya koma kan aikin mutumin: shugaban masu karɓar haraji ne a ƙarƙashin mulkin Romawa, kuma irinsu sun saba ɗora nasu a kan abin da aka yanka wa talaka, shi ya sa Yahaya Mai Baftisma ya ce masu kada su karɓi fiye da abin da aka umarce su. Sai ya ce mu duba da kyau, Luka bai rubuta cewa Zakka ya yi kuka ba, bai ce ya durƙusa ba. Miƙewa ya yi ya kawo lissafi: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda kuma ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Bayan nan ne Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan.

Ni dai ban san sa'ad da na iske kaina a gaba ba. Na yi kukan da ban taɓa yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Washegari na je shago na ɗauki ƙaramar tiyar nan, don har lokacin ina awo da ita, na sa guduma na lotse ta. Na riga na san Maimaitawar Shari'a 25 ta hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Sanin bai taɓa hana ni ba sai ranar. Daga nan har yau awona cikakke ne, riba ta ragu, amma ina barci.

In ce ina barci, da farko ke nan. Bayan wata biyu sai lissafin baya ya taso mani. Na yi abin da Zakka bai yi ba, wato kuka, na bar abin da ya yi.

Na gaya wa matata komai. Ta yi shiru har na tsorata, sannan ta ce Allah ya riga ya gafarta, ta kawo mani 1 Yahaya 1:9, ta ce tsohon abu ya wuce, kada in tono abin da ƙasa ta rufe. Ba na ganin laifinta. Yaranmu huɗu, biyu suna sakandare, babbar ɗiyarmu an kawo gaisuwar aurenta. Ita abin da take hange ke nan.

Na je wurin wani dattijon ikilisiya na ba shi labarin kamar na wani abokina ne. Ina jin ya gane, amma ya rufa mani asiri. Ya ce abokin nawa ya ƙiyasta kuɗin ya sa a baiko, ga rufin coci ma yana jira, ya ce akwai inda Littafin Ƙidaya sura 5 ya yarda a kai wa firist. Da na koma gida na buɗe wurin, sai na ga sharaɗi: sai in wanda aka cuta ba shi da dangin da za a mayar wa. Alhaji ya bar mata biyu da 'ya'ya sama da goma, har da ƙananan da ba su gama firamare ba. Kuma ni dai a karatuna, mutumin sunansa Zakka, amma ba zakka ya ce zai kai Haikali ba. Mutanen da ya cuta ya ambata.

Sai na gwada wata dabara tawa. Da azumi ya kama na ɗora buhu biyu na gero a keke napep na kai gidan marigayin, na ce a yi kunun buɗa baki. Baba, da ma ban je ba. Hajiya babba ta fito har zaure tana sa mani albarka, tana cewa ɗan halak bai manta alheri. Na dawo kamar an yi mani duka. Na kai masu kayansu, na karɓo godiya a kai. A ganina na ƙara sata ne, wannan karon ta suna.

To me zai hana in je in faɗi gaskiya? Zan gaya maka ba tare da na wanke kaina ba. Akwai tsoron kunya, wannan nawa ne, na yarda. Amma akwai wanda ya wuce ni. A kasuwarmu in ɗayanmu ya yi abu, ba sunansa ake kira ba, cewa ake "Kiristan nan". Maganar da Alhaji ya yi shekaru yana faɗa a kaina ta buɗe wa wasu yaranmu Kiristoci biyu ƙofar aiki a wurin abokansa. In na je na ce ƙarya ce, su wa zai ƙara ba su makulli? Kuma abin ba zai ɓoyu ba, don an riga an raba gado. Duk abin da na kai dole a kira malamai a sake rabawa tsakanin magada, kowa ya ji daga ina ya fito. Wani lokaci in ce wa kaina sunan Almasihu nake karewa. Wani lokaci kuma in ji wata murya tana cewa, da kake farke buhu cikin dare ba ka tuna da sunan ba sai yanzu?

Ga kuma maganar adadi. Na zauna da biro na yi iyakar ƙoƙarina, abin da ke tsakanina da Alhaji ya kai kimanin buhu 60, in an haɗa da ƙarin farashi. Ninki huɗu buhu 240 ke nan. Ko na sayar da shago da gidan da muke ciki ba zan kai ba. Na ga a Fitowa 22 wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar zai biya huɗu, na ga kuma a Littafin Firistoci 6 wanda ya ci amana zai mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wanne ne nawa? Kuma da naira zan biya ko da buhu? Kuɗin da na ɗora a 2008 in na mayar da shi yadda yake a yau, bayan cire tallafin mai a 2023 da yadda kaya suka tashi, ai wasa ne. Na san amsar wannan a zuciyata, ina dai so in ji daga bakin babba.

Magadan Alhaji ma aƙalla na san ƙofar gidansu. Masu sayen tiya ɗaya fa? Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ta yi shekaru tana sayen wake wurina kullum da yamma, tana kwance kuɗi daga bakin zane. Ta rasu, ban san ko mutum ɗaya nata ba. Irinta ɗaruruwa ne. Na yi tunanin ko shi ya sa Zakka ya fara da rabin dukiya ga matalauta, don waɗanda ba zai iya tunawa ba. Yanzu nakan cika tiya in ƙara hannu guda ga duk matar da na ga alamar rashi a jikinta, amma ban sani ba ko biya nake yi ko lallashin kaina.

Abin da ya fi damuna, Baba, ba kuɗin ba ne. Shin daga 1996 zuwa bara ni mai bi ne? In kuwa ba mai bi ba ne, yanzu fa? In na karanta labarin ta wani gefe sai in ga Yesu ne ya fara kiran Zakka da sunansa, ya ce yau a gidansa zai sauka, tun bai yi alkawarin ko sisi ba. Afisawa 2 ta ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Ɓarawon da ke kan gicciye bai mayar wa kowa komai ba. Yahuza kuwa ya mayar da azurfa talatin cif, bai tsira ba. Sai hankalina ya kwanta. Amma in na juya shafi ɗaya baya, Luka 18, ga mai arzikin nan da ya kiyaye dokoki tun yana yaro, aka taɓa dukiyarsa ya yi baƙin ciki. Ɓarawon kan gicciye hannuwansa a kafe suke, nawa a sake suke, kuma daga shagona zuwa gidan Alhaji bai kai tafiyar minti ashirin ba. Ina tsoron kada in zama ina kuka irin na masu tuba, ina riƙo irin na mai arzikin.

Sau uku ke nan ana Jibin Ubangiji ina ƙirƙiro tafiya, saboda Matiyu 5 ta ce in ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikonka ka je ku shirya tukuna. Ban gaya wa fastonmu ba. Ina gudun a sa ni horo a sanar a gaban jama'a ana cikin maganar auren ɗiyata. Ga shi kuma, kamar da gangan, zumuntar maza ta sa sunana cikin waɗanda za a zaɓa ma'ajin coci, wai don an san ni da riƙon amana.

Don Allah Baba ka faɗa mani, in je wurin babban ɗan Alhaji ni kaɗai, ko in nemi wani dattijo cikin abokan marigayin ya raka ni? Ya halatta in aika masu ta hannun wani a ce bashin mahaifinsu ne wani ya biya, ba tare da suna ba, ko dole sai sun san ni ne? In sun yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan duk kaka, zan iya komawa teburin Ubangiji tun ban gama ba? Kuma in matata ta ƙi, ita da ba ta ci ba ta sha ba a laifin amma za ta ɗauki rabin wahalar, in bi ta ko in wuce?

Zaɓen ma'aji ƙarshen wata mai zuwa ne. In da hali a karanta wasiƙata kafin nan. Ina sauraron shirin a shago, rediyon na ƙarƙashin benci.

Naka ɗanka cikin Almasihu,
Wani mai sauraro daga Katsina