Zuwa ga Auta, kan gyambon da ya fito maka a baki

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi da sauƙi. Ya jiki? Ya iyali? Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne.

Tun da muka yi waya shekaranjiya hankalina bai kwanta ba. Na ji yadda kake tauna magana don kada harshe ya taɓa kunci, kuma matarka ta gaya min kwana huɗu ke nan in ban da shayi ba abin da ke shiga cikinka. Amma abin da ya hana ni barci shi ne da ka ce wannan makon ba za ka je a yi maka allurar ciwon hanta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a waya kana cewa "to Umma" ne kawai.

Wannan allura ta intaferon na san ta ciki da waje. Na ba marasa lafiya ita lokacin da nake aikin jinya, na kuma yi jinyar mahaifinku a kanta mako 48 cur, lokacin da aka gano masa ciwon hanta nau'in C. Shi har da ƙwayar ribabirin aka haɗa masa, don a lokacin ba a samu sababbin magungunan nan ba, irin su sofosbubir da ya fito a ƙarshen 2013, waɗanda yanzu mako 12 sun isa. Kana ƙarami, ba lallai ka tuna ba, amma bakinsa ya yi gyambo har ruwan alwala yana sa shi hawaye. Bai tsallake allura ko ɗaya ba. Naka nau'in B ne, likita ya zaɓa maka wannan hanya mai iyaka, mako 48, kuma ka riga ka ci kusan kashi ɗaya cikin uku. In ka yanke da kanka, wahalar da ka sha ta tafi a banza.

Gyambon ba alamar hanta ta ƙara lalacewa ba ne. Allurar tana busar da yawu, yawu kuwa shi ke wanke baki yana kare fatarsa. Tana kuma rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, sai ɗan ƙwarzane da a da zai warke cikin kwana biyu ya zama miki. Ga rashin cin abinci ya zo ya ƙara. Don haka ka je asibiti ranar allurarka, ka buɗe baki likita ya duba da idonsa, ka roƙi a auna maka jini. Idan ƙwayoyin sun yi ƙasa, yana iya rage allurar daga maikurogiram 180 zuwa 135. Idan jikinka ya ƙi ta gaba ɗaya, akwai ƙwayoyin sha na kullum, tenofobir ko entekabir. Su kuma in an fara ba a dainawa da ka, don cutar takan taso da ƙarfi ta bugi hanta. Duk wannan hukuncinsa ne, ba naka ba, ba nawa ba.

Abin da ke hannunka shi ne kula da bakin. Rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka kurkure ka zubar, bayan kowane abinci da kafin kwanciya. Kar ka ƙara gishirin da tunanin zafi ne magani. Ka ajiye asuwaki tukuna, na san kana son sa, amma yana yaga dasashi a irin wannan hali. Ka sayi buroshi mai laushi irin na yara. Kada tsoron zafi ya sa ka daina goge haƙora, dattin baki ke hana miki rufewa. Gorar ruwa ta zauna kusa da kai, kana kurɓa a kai a kai. Ɗan ƙanƙara a baki ma yana kwantar da raɗaɗi.

Akwai magunguna da likita zai iya rubuta maka: ruwan kurkure baki na kuloheksidin wanda ba barasa a ciki, man lidoken da ake shafawa kafin cin abinci ya kashe zafin na ɗan lokaci, da man tiramsinolon da ake ɗorawa a kan gyambon. Na ce likita, ban ce mai kemis ba, kuma ina da dalili. Idan farin abu ne kamar gudajin nono ya lulluɓe harshe, wannan wata cuta ce daban, maganinta nistatin, kuma tiramsinolon ƙara ta yake. Idan farin zane ne a cikin kunci kamar saƙar gizo-gizo, shi ma daban ne, allurar takan tayar da shi. Kai da madubi ba za ku iya bambancewa ba.

Maganin ciwo kuwa, ka nisanci ibufurofen da dikilofenak da asfirin. Allurar tana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, su kuma suna jawo zubar jini. Farasitamol za ka sha, kar ya wuce giram 2 a wuni, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, sai in likitanka ya ce ka rage.

Na san 'yan dubiya sun fara kawo maka jiƙe-jiƙe da garin shafawa. Ka karɓa ka yi godiya, ka ajiye. Na ga wanda aka ɗora wa kanwa a kan miki, fatar ta ƙone ta ninka. Duk abin da ka haɗiya kuma hantarka ce za ta tace shi, ita da ke fama da kanta.

Ka ba matarka wannan sashen ta karanta. 'Yata, yaji da tsami da abu mai kaushi duk a ɗaga masa ƙafa: kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, zoɓo, kunun tsamiya, lemun tsami, goro. Ki dama masa kunun gyaɗa ba tsami, ki bari ya huce sosai. Faten dankali, dafaffen ƙwai, kindirmo marar tsami, ayaba, gwanda, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa don ta zame ba sai ya tauna ba. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano cike sau biyu. In kin ga yana saurin fushi ko ya yi shiru ya ƙi mutane, ki yi haƙuri, allurar tana taɓa zuciya, amma ki gaya wa likita, kar ki ɓoye.

Tunda bakin yana ɗan jini, buroshinka da rezarka da abin yankan farce a ware su inda yara ba za su kai ba. Cin abinci kwano ɗaya ba ya yaɗa cutar, kada kowa ya ware ka. Har yanzu ba ka gaya min ko an gwada matarka da yaran an yi musu rigakafin nan mai allura uku ba.

Zazzaɓin da ke biyo allura na wuni ɗaya ka saba da shi. Amma idan zafin jiki ya kai digiri 38 a wata rana daban, ko jinin dasashi ya ƙi tsayawa, ko ka kasa haɗiyar ruwa, ko idonka ya yi rawaya, kar ka jira ranar asibiti, ka tafi a lokacin ko da dare ne. Gyambon da ya wuce mako uku bai rufe ba, a tura ka wajen likitan haƙori.

Zan ba yayanka gero da gyaɗa ya kawo muku ranar Asabar. In ka fito daga wajen likita ka kira ni, ka karanta min sakamakon jinin lamba-lamba. Mahaifinku yana gaishe ka, ya ce shi ma zai kira ka da daddare.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka