Sanarwa: Zaman Karatu na Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna tuna muku zamanmu na Asabar bayan La'asar, inda muka saba haɗuwa. Wannan karon "Gandun Dabbobi" za mu tattauna, littafin da George Orwell ya fitar a 1945 yana yi wa mulkin Stalin a Tarayyar Sobiyet shaguɓe.

Don Allah kowa ya kammala karantawa, ya lura da yadda aladu suka riƙa sauya dokoki bakwai ɗin nan na jikin bango, sauran dabbobi suna kallo suna zargin ƙwaƙwalwarsu. Ni dai dokin nan ne ya tsaya mini a rai: ya yi bauta har ƙarfinsa ya ƙare, aladun suka sayar da shi.

Kowa ya zo da ₦500 na ruwa da ƙosai. Wanda uzuri zai hana shi ya faɗa kafin Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya.