Amsa ga Mai Tambaya Daga Karkarar Ringim: Da Me Ake Auna Damuwar Mai Juna Biyu?

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin lafiya na rediyo ka tambaye ni, tunda a wurin awo ana duba jini da nauyi da girman ciki, me ya hana a auna damuwar da ke hana maiɗakinka barci. Lokacin shirin ya ƙure, shi ya sa na rubuto.

Babu na'urar da za a ɗaura wa mace a dantse ta nuna damuwa. Akwai sinadarin kotizol da jiki ke ƙara fitarwa idan hankali ya tashi, ana kuma iya gwada shi a jini ko yawu ko gashi, amma ciki da kansa yana ninka shi biyu zuwa uku kafin haihuwa, don haka yawansa ba ya bambance mai damuwa da wadda hankalinta ke kwance. Tambayoyi ne ma'auninmu. Fitacce a cikinsu shi ne jerin tambayoyin da ake kira ma'aunin Edinbara (sunan wani birni ne a Birtaniya), wanda aka fitar a 1987 domin masu jego, daga baya aka faɗaɗa shi ga masu ciki: tambayoyi 10 kan kwana 7 da suka wuce, maki daga 0 zuwa 30, yawan makin na nuna yawan damuwar. Ana tambayar ko tana dariya kamar da, ko tana firgita ba dalili, ko baƙin ciki na hana ta barci, ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata.

Wahalar a nan take. Yarinya mai cikin fari, surukarta na zaune a gefen benci, ko me ka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi ta ce lafiya lau. A ganina wannan kunya ce, ba amsa ba. Sai an keɓe ta ake jin cewa surfe da ɗibar ruwa duk a kanta suke, maigida ya tafi ci-rani, hatsin rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 16 cikin 100 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa lokacin goyon ciki, galibi ciwon damuwa.

Saboda haka ka raka ta awo, ka faɗa wa ungozoma zancen barcin, sannan ka ba su wuri. Idan kuwa ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska, ga ganin dishi-dishi, kada a ce tunani ne. A auna jininta a ranar, domin hawan jinin da ya kai 140 bisa 90 yana iya kaiwa ga jijjiga.

Wassalam.
Wata ungozoma, Jigawa