Godiya ga sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), Lamingo

Assalamu alaikum likitoci da nas nas na sashen haƙori, ranku ya daɗe. Ni uwa ce daga Anguwan Rogo, na ce sai na fito fili na yi muku godiya saboda abin da kuka yi wa autana ɗan shekara 5.

Yaron nan kwana huɗu ba ya barci, turminsa na ƙasa ya yi kogo har dasashi ya kumbura, ga sanyin Jos, ko ruwa ya kurɓa sai ihu, mun sa kanumfari mun ba shi farasitamol duk a banza, wani mai kemis ma cewa ya yi a cire kawai ai haƙorin nono ne zai yi famfara. Da wannan niyyar na hau keke zuwa Lamingo wallahi.

Likita da ta duba ta sa aka ɗau hoton haƙorin, sai ta ce Hajiya zauna in nuna miki. Ta nuna min haƙorin girma kwance a ƙarƙashi yana jiran lokacinsa, ta ce wannan turmin ba ya faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, in an cire yanzu na kusa da shi za su matso su cinye gurbin, sabon ya fito a karkace. Ni ban taɓa sanin haƙoran yara 20 ɗin nan suna riƙe wa haƙoran girma wuri ba.

Aikin kam na tsaya na gani da idona. Sun fara shafa masa magani a dasashi kafin allurar kashe zafi, suka sa wata 'yar roba ta keɓe haƙorin kada yawu ya shiga ko ya haɗiye wani abu, sannan da wasu 'yan ƙarafa sirara kamar allura ta dinga kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar tana wankewa a hankali, tana kula da tsayin saiwar don kada ta taɓa na ƙasan. Abin da ya fi burge ni, maganin da ta cike ramin da shi ba irin na manya ba ne, wannan yana narkewa tare da saiwar in lokacin famfara ya zo. Daga ƙarshe aka sa masa hular ƙarfe, shi kuma yanzu kowa ya zo gidan sai ya buɗe baki ya nuna.

Sista da ta riƙe masa hannu tana ce masa jarumi, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki naki. Yau sati uku kenan yana cin masararsa gasasshiya, alawa kuma na rage masa kamar yadda kuka ce, buroshi safe da dare. Muna nan tafe ranar da kuka rubuta mana a kati in sha Allahu.