Wasiƙa daga Suffolk: Daren Fiyano da Goge

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, na ɗauki alƙalami ne domin in ba ka labarin wani zaman kiɗa da na halarta ranar Asabar, wanda tun da aka tashi kake raina, saboda na san irin son da kake yi wa sautin goge.

A wani ƙaramin gari na gundumar Suffolk ta ƙasar Ingila aka yi zaman, kuma makaɗa biyu ne kacal: mace a kan fiyano, namiji riƙe da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda shi ma da izgar doki ake goga shi kamar namu. Ko sisi ba su karɓa ba. Kuɗin ƙofa gaba ɗaya an zuba su a asusun bikin kaɗe-kaɗe da garin yake yi duk shekara, domin abin da ake samu a ranakun bikin ba ya isar hayar zaure da sallamar baƙin makaɗa. Mutanen yankin nan sun saba da ɗaukar irin wannan nauyi. Har yanzu dattawansu suna ba da labarin yadda gobara ta cinye zauren kiɗa na Snape Maltings a daren buɗe bikin kaɗe-kaɗe na garin Aldeburgh na 1969, amma shekara ba ta zagayo ba sai da aka sake gina shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kiɗan da suka rufe da shi, wanda shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, Beethoven, ya tsara a 1803. Ashe saboda George Bridgetower ya tsara shi, wani gwanin goge da mahaifinsa baƙar fata ne, kuma su biyun ne suka fara kaɗa shi a birnin Biyana na ƙasar Austriya, Beethoven da kansa yana kan fiyano. Daga baya suka ɓata, sai Beethoven ya sadaukar da kiɗan ga wani gwanin goge Bafaranshe, Rodolphe Kreutzer, mutumin da bai taɓa kaɗa shi ba, amma har yau da sunansa ake kiransa. Wallahi wannan ya yi mini ciwo, ina saurare ina tuna Bridgetower da aka manta, wanda ya rasu a Landan a 1860.

Kiɗan kashi uku ne, kusan minti 40, goge da fiyano suna ja-in-ja kamar 'yan kokawa, babu mai yi wa wani rakiya. Ba a liƙi, ba a guɗa, ko tafi ba a yi sai ƙarshe, kuma a cikin wannan shirun har numfashin mai gogen nake ji.

Kafin in fita na saka abin da ya sawwaƙa a asusun, na kuma yi niyyar halartar bikin kansa idan Allah ya kai mu. Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Naka amini har kullum.